Jini a Bakin 'Yata

Jini na gani a bakin 'yata, sai ludayi ya suɓuce daga hannuna. Tana zaune kan tabarma a falo, watanta tara kacal, tana tsala ihu. Ɗan kwikwiyon da maigidana ya kawo ya faɗa ƙarƙashin kujera da gudu.

Sati uku muna fama da shi. Haƙoransa na fitowa, bai bar takalmi ba, bai bar ƙafar mutum ba. Kullum maigida sai ya ce, "Ki daka masa tsawa, ki miƙa masa igiya ya tauna, zai daina."

Na sure ta, ko takalmi ban tsaya nema ba, sai asibitin bayan layinmu. A hanya na kira maigida: "Karenka ya ciji 'yarka a baki! Kafin in dawo ka fitar min da shi."

Nas ta kwantar da ita, ta goge leɓen da auduga, ta ɗaga harshen, ta haska dasashi. Na kasa kallo. Ɗinki nake tunani, da allurai, da ciwon haukan kare.

"Baiwar Allah, ba rauni ko ɗaya," ta ce. "Jinin nan ba nata ba ne." Ta zaro wani guntun gashi ja daga tsakanin sababbin haƙora biyu.

Wayata ta yi ƙara. Maigida ne.

"Na iso gida. Kunnensa a tsage, sai kyarma yake. Wai wa ya ciji wa?"