Tela Ya Fasa

"Na fasa," in ji tela, yana laluben takalminsa ƙarƙashin gadon asibiti. "Ba mai zura min roba da kyamara a hanji don yanko wani tsiro."

Matarsa ta ce, "Maigida, likita fa ta ce tsiron nan, in an bar shi, yana iya rikiɗa ciwon daji."

"Ni da nake yanka kullum, na san ɓarnar almakashi in hannu ya goce." Kansa na ɗan juyawa, ya ɗora wa yunwa laifin. "Kuma ba tsoro ba ne."

"Wa ya isa ya ce tsoro ne?"

Sai ga likita ta shigo. Tela ya gyara murya. "Likita, ki yi haƙuri, aikin nan ba da ni ba."

Ta ajiye masa 'yar kwalba, da ɗan nama kamar ƙwayar wake a ciki. "To, mu mayar maka da abinka?"

Ya dubi matarsa.

"Tun ɗazu aka gama, allurar barci ce ba ta sake ka ba," ta ce. "Wannan ne karo na uku da ka farka ka fasa."