Likitan Maƙoƙo na Bebeji

Wani sashe na labarin nan ya sulluɓe mini, sai ku yi wa tsoho uzuri. Ban tuna ko da damina ne ko da kaka ba. Amma ban manta wuyan Maijidda ba.

Tsohuwa ce Bafulatana, tana kai nono makarantar da Malam Sha'aibu yake koyarwa a Doguwa. Shi baƙo ne a garin, aiki ya kawo shi. Maƙoƙon da ke wuyanta ya girma, har in ta sauke ƙwarya sai a ji numfashinta yana fito. Sha'aibu ya yi tsaye aka yi mata katin inshorar lafiya. Saura likita.

A Tudun Wada aka ce ba su da likitan suga da maƙoƙo. A Kiru akwai mai zuwa daga Kano, amma ba ya karɓar katin. Wata nas ta duba wuyan, ta ja Sha'aibu gefe.

"Malam, abin nan ya fara danne mata maƙogwaro. Ku je Bebeji ranar Alhamis. Likita Faruk yana karɓar katin."

Maijidda ta ja mayafi ta rufe fuska. "A mai da ni gida."

"Inna, wuƙa kike tsoro?"

"Wuƙa? Da hannuna na yanke cibiyar 'ya'yana. Ka kai ni ko'ina, ban da wurin wancan."

Kafin sati ya zagayo tuwo ya daina wucewa, sai kunu. Barci ma a zaune take yinsa. Ranar Alhamis Sha'aibu ya ce mata Kano za su, ya sa ta a mota. Da suka sauka a Bebeji ta buɗe baki za ta yi faɗa, numfashi ya hana ta.

Suna shiga ofis likitan ya miƙe tsaye, ya gaishe ta idonsa a ƙasa. Ta juya fuska bango. Bai matso ba. Ya kira nas, ya ce ita ta tattaɓa wuyan ta gaya masa.

Ran Sha'aibu ya ɓaci. "Likita, don da kati muka zo, shi ya sa ba za ka taɓa ta ba?"

"Malam," in ji likitan, "tambaye ta tun yaushe take ɓoye shi."

Maijidda ta ce wa bangon, "A gaya masa bai kai a tayar wa mutane da hankali ba." Sai tari ya sarƙe ta, idanunta suka firfito.

Likitan ya cika takardar tura ta Kano da sauri, katin kuwa yana aljihun Sha'aibu, ba wanda ya nema. Ya bar layin marasa lafiya, ya shiga motar asibiti ya zauna kusa da direba. Har Kano bai waiwayo ba, sai dai ya riƙa tambayar Sha'aibu, "Tana numfashi?"

An yi mata tiyata, ta tashi. Ni ma na sha nonon da take tallarsa bayan haka.

Abin ya tsaya mini a rai. Da yawo ya kai ni rugarsu na tambayi ardonsu, na kuma sa ya maimaita mini, don ban yarda da ƙwaƙwalwata ba. Faruk ɗanta ne na fari, kakanninsa suka ɗauke shi tun yaye, kuma kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta ta kira ko sunansa ba.