Amsoshin Duane

"Sake faɗa min a hankali," Duane ya ce wa wayarsa. Ina tuƙi, raina na tafasa.

Shekara ashirin ina dakon kaya a ma'ajiyar kamfaninmu a Toledo. Duane, yaron da na koya wa aiki, wai shi ne har da ɗaukar mai horar da shi ganawar neman aiki! Kujerar shugaban ma'aikata da nake nema ɗaya ce, na tabbata ita yake hari.

"Da wa kake surutu?"

"Malamata ce, tsoho. Kalli hanya."

Muryarta a kunnensa take, nasa bakin kawai nake ji. Kullum yana maimaitawa: "Aibina ɗaya, na cika son aiki." "Kamfanin nan gidana ne." Na haddace tsaf.

Ranar ganawa na shiga da kwat ɗin aro. Ga manaja zaune, ga Duane a gefenta. Ashe shi aka sa ya yi tambayoyin.

Na dake, na zazzage musu haddata. Ya dafe goshi.

A mota ya ce, "Vern, waɗannan fa su ne amsoshin da malamata ta ce duk wanda ya ba ni, in sallame shi."