Jar Sanda a Bayan Kujera

Kai da kake cewa aikin da bai burge ido ba bai cancanci kuɗinsa ba, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani mai walda a bakin garejin gyaran motoci, mutum mai hannu, sai dai magana ba ta wuce shi ba tare da ta yi masa zafi ba. Asalin sana'arsa ƙera ƙofofi da gadaje, har samarin da ke tseren mota a wani fili bayan gari suka gano shi. Aikin da suke kawo masa shi ne sandar ƙarfen da ake gittawa a bayan kujerar direba, daga wannan gefen mota zuwa wancan, a ɗaura mata bel ɗin da ke riƙe kafaɗu. In mota ta daki wani abu a guje, ran mutum a jikin wannan sanda yake rataye, kuma ya san haka sarai. Shi ya sa yake zaɓar bututu mai kauri, ya zuba wuta a mahaɗa har waldar ta yi tudu, baƙa ƙirin kamar tabon ƙuna. Ƙarfi kam akwai shi, kyan gani ne babu. To, wajen ciniki ake cin zarafinsa. Da ya faɗi kuɗi, sai saurayi ya zaro waya ya nuna masa hoton ta ƙasar waje, sumul, ya ce a kan wannan ƙazamar waldar za a biya haka? Ya kawo musu tsadar bututu, da man janareto, da yinin da ya yi a tsugune, su dai idonsu na kan tudun nan. Ya ce albarka, ya sake cewa albarka, daga ƙarshe ya sallama a kan abin da ko guminsa bai biya ba. Abin yana cinsa a rai, kuma rainin ya fi kuɗin yi masa ciwo.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu har ya yi masa aure. Shi ma ƙanen sai ya faɗa harkar tseren. Wan ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya gaji. Da ya ga ba zai bari ba, sai ya ce to gara sandar ta fito daga hannunsa. Ya sayo bututun da ya fi kowanne da kuɗin aljihunsa, ya ƙona mahaɗar yadda ya saba, aiki ya kammala. Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma ya dubi tudun waldar, ya ji ba zai iya barin ɗan'uwansa ya shiga fili da abin da za a yi wa dariya ba. Kuma can ƙasan zuciyarsa yana son masu rainin nan su ga abin da hannunsa ya iya, ko farashi ya ɗaga. Sai hannun maƙerin ƙofa ya motsa. Ai ƙofar attajiri ba a bar mata walda a fili, gurjewa ake yi, a shafe da foti mai cike ramukan ƙarfe, a fesa fenti. Ya ɗauko injin gurza ya bi mahaɗar, ya shafa da yatsa ya ji saura, ya sake bi, har yatsa ya daina gane inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ya shafe da foti, ya fesa mata jan fenti. Bai tsaya ya tuna cewa ƙofa ba ta taɓa tare nauyin mutum a guje ba, abin da ya gurje kuwa shi ne abin da ke riƙon. Samari suka kewaye motar suna yabo, wasu har suka ce a yi musu irinta a kan duk abin da ya faɗa, babu ciniki. Ranar nan da tsire a hannu mai waldar ya koma gida.

Ba a daɗe ba tayar gaba ta fashe wa ƙanen yana shan wata kwana a filin tsere, motar ta daki tudun ƙasa. Bel bai tsinke ba, bututu bai lanƙwashe ba, mahaɗar ce ta rabu tsaf. A wannan kwanar wasu da ya yi wa ƙazamar sandar sun sha faɗuwa, su fito suna karkaɗe riga. Shi kuwa wuyansa ya karye. Bai mutu ba, amma daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai, ga mata da jariri a hannu. Wan ya je inda aka jawo motar, ya sa babban yatsa a inda mahaɗar ta rabu. Abin da ya rage na walda bai fi ɓawon ƙwai kauri ba, saura duk foti ne, yana marmashewa kamar busasshiyar laka.

Babu wanda ya zarge shi, kuma wannan ne ya ƙarasa shi. Ya rufe shago, shi ke juya ƙanen a kan gado, shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi abinci a baki. In hawaye ya ƙwace masa, sai mara lafiyar ya ce, “Yaya, ka daina, ƙaddara ce. Ai kai iyakar ƙoƙarinka ka yi, ko kwabo ba ka karɓa ba.” Sai wan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da matse tsumman wanka.

Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.