Ƙarar Gilashi

Ina aji huɗu a firamare Inna ta kai ni asibitin ido a Birnin Kudu, saboda na daina ganin rubutun allo. Daga Gwaram muka hau bas. Bayan azahar aka gama gwaji, mai haɗa tabarau ya ajiye mana idon gilashi iri biyu a kan tebur, ya ce duka na roba ne, mu zaɓa.

Inna ta ɗauki na farko, ta kai shi kusa da kunne, ta ƙwanƙwasa da farce, yadda take yi wa tukunya a kasuwa. Ya yi ƙara siririya. Na biyu ya yi shiru kamar katako.

"Malam, wannan ai ya tsage," in ji ta, ta ture na biyun gefe.

Mutumin ya ce lafiyarsa ƙalau. Na farko ya fi haske, amma in abu ya buge shi yana iya tarwatsewa. Na biyu ba ya fashewa, sai dai yana saurin gogewa.

Inna ta juyo wurina. Ta ɗora babban yatsanta a kan tabon da ƙahon maraƙi ya bar mini a gira. Sannan ta janyo wanda ta ture.

"Ba mu kurman. Wannan yaron ba ya rabuwa da shanu."

Yanzu shekaru sun ja, Inna ta rasu, idanuna biyu suna nan. Har yau in zan canza tabarau sai na ƙwanƙwasa shi a kunne, mai shago yana kallona.