Kofi na Uku

Manasse ma'aikacin ɗakin gwaji ya jera kofuna huɗu a bakin taga, wai su sha iska, kamar kullum. Kowanne da jiƙaƙƙen ƙaro a ciki, an ɗebo daga buhunan dillalai, ba suna a jikin kofin. Can ciki kuwa injin auna kauri ne kan tebur: wani siririn ƙarfe ya juya cikin ruwan ƙaro, allura ta nuna lamba, shi ke nan. Wanda kayansa suka faɗi, kamfani ya soke sunansa, ba roƙo.

Dillaliya Ya Kaltum na kan bencin da ke jikin tagar. Nan Manasse ke zaunar da ita ko ta zo a makare. Shekara tara ke nan tun rasuwar mijinta Babakura tana riƙe da sunansa a kamfanin, ba a taɓa mayar mata da buhu ba. 'Yan'uwansa sun so karɓe wurin, ta ce sai dai bayan ranta.

Ita fa ba ta ganin ƙaro ta ƙyale. Ta tsoma yatsa a kofi na farko, ta murza, ta gyaɗa kai. Na biyu ma haka. Na uku kuwa, Turai ce tsaye a kansa tana kallonsa kamar ɗan da ta haifa, sabuwar dillaliyar nan ta unguwar Fezzan mai yawan washe wa manaja baki. Kaltum ta ɗauka kayan Turai ne, ta murza. Ya kama yatsa daram. Irinsa sai a shekara ba a ga biyu ba.

Ta taɓe baki, ta goge hannu a zani. "Wannan ai ruwan wankin tukunya ne."

Na huɗu kuwa ta gyaɗa masa kai. Zafi ya ishi kowa, tun safe ba wuta, fanka a tsaye. Manasse ya kwashe kofuna ya rufe ƙofa. Ba a jima ba ya fito da takarda, manaja Ajimi ya karanta. Ɗaya, biyu, huɗu sun haye. Na uku ya faɗi.

"Na uku, buhunan Babakura."

Kaltum ta miƙe. "A sake aunawa, Alhaji."

"Inji ba ya ƙarya, Ya Kaltum."

Matar da mahautan kasuwa ke ɓuya in sun hango ta, yau ita ce ke rage farashi da bakinta. Ta rage, ta ƙara ragewa. Ta ce a karɓa a biya bayan Sallah. Ajimi dai biro ya ɗauka ya ja layi a kan sunan Babakura. Mutum ake ciniki da shi, ana kama shi da kunya ko da zumunci. Ƙarfe fa, ta ina za ka kama shi?

"Manasse, ɗana, kai ka san kayana."

Bai ɗago ba.

Ta sa aka loda buhu goma sha biyu a amalanke, ta bi ta a ƙasa har gidanta a unguwar Maisandari. Ko waiwaye ba ta yi ba, kada Turai ta ga idonta.

Manasse ya koma ciki, ya share yanar gizo daga siririn ƙarfen, ya lulluɓe injin da ƙyalle. Ya daɗe yana kallon bencin. Gobe kofuna shida ne, bai kuwa san yadda zai yi ba, don shekara uku ke nan da injin ya ƙone, fuskar Ya Kaltum yake karantawa.