Mayafin Kande

Tun da aka tace iskar gari, hanci ba ya jin komai sai ƙamshin da aka saya a kwalba. Ran Talata Baba Ilu ya kai mayafin marigayiya matarsa Kande shagon da ake ɗebo ƙamshin tufafi a zuba a kwalba.

Mai shagon ta saka shi a na'ura, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, an wanke shi ne?"

"'Ya'yanta suka wanke, kafin rabon kaya. Turaren wutarta nake so, da hayaƙin murhunta."

"Babu ko ɗaya, Baba. Sabulu kawai ya rage."

Ya karɓi mayafin, ya ninke a hankali, sannan ya sake miƙa mata.

"Zuba min sabulun, 'yata. Da irinsa take wanke min riguna."